Jirgin Leonard a Saman Silin

Scarborough, 4 ga Maris, 1996

Ƙanena Clifford,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kai da matarka Moira kuna lafiya, gwiwar taka kuma ta yi sauƙi. Da kunnena yana jin waya da buga maka zan yi, to ka san halinsa, sai ka daure ka karanta.

Hankalina a tashe yake. Misis Hebden mai ginin nan namu ta rasu a watan Janairu, ginin ya koma hannun ɗan ƙaninta, wani Mista Pennock. Jiya ya zo da wani safiyo mai auna gini, suka tsaya a ƙofar ɗakin kwanana suna ta ɗaga kai suna kallon murfin ramin da ake shiga saman silin. Na ba su shayi. Sai da ya shanye tas, har da biskit biyu, sannan ya ce wai saman silin ba namu ba ne. Wai abin da ni da maigidana Leonard muka saya hayar shekara casa'in da tara ce ta hawa na uku, daga daɓe zuwa silin. Daga nan zuwa rufi nasa ne, kuma zai mayar da wurin ɗakuna ya zuba 'yan haya.

Na ce, "Bawan Allah, ta ina ake shiga wurin in ba ta tsakiyar gidana ba?" Ya ce zai fasa tasa ƙofar ta wajen matakala. Ji min mutum!

Clifford, jirgin ƙasan wasan Leonard yana can. Shekara talatin yana haɗa shi, da tashoshinsa da gadojinsa, duk ya kafe su a jikin katakon rufi. Ramin silin kuwa inci ashirin da biyu ne kacal, ba abin da zai sauko sai an sa zarto. Wata goma sha huɗu ke nan da rasuwarsa, ko tsanin ban taɓa ba, amma in na ɗaga kai na san abinsa yana nan yadda ya bar shi. Tsoro nake ji.

Kai da ka tsufa kana magatakarda a ofishin lauya, faɗa min abin yi. Kada ka yi min nawar nan taka.

Yayarka,
Winifred

*

Scarborough, 8 ga Maris

Clifford,

Gaisuwa. Shiru nake ji, to ba sai ka wahalar da kanka ba, na gama da su!

Na zazzage gwangwanin biskit ɗin da Leonard ke tara takardu, sai ga wasiƙar Misis Hebden ta 1965 da rubutun hannunta: "Na yarda Mista Ackroyd ya yi amfani da saman silin ɗina." Ba ita kaɗai ba. Ka tuna duk Kirsimeti yakan kai mata kwalbar jam ɗin lemo na shafa wa burodi da katin godiya? Ashe ita ma tana mayar masa da kati, "Ba komai, a ci gaba da tuƙa jirgi." Guda talatin cif, ya ɗaure su da zare. Ni da nake masa tsiya kan tara tarkace, yau ga ranarsu.

Na haɗa su duka na aika wa Pennock ta rajista da safen nan. Ya karanta ya ga ba da ƙarfi muka shiga ba, da izinin gwaggonsa muka shiga. Yau dai na ci abinci.

Ka gaida Moira.

Winifred

*

Aberdeen, 8 ga Maris

Yaya Winifred,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na samu wasiƙarki ta ranar huɗu. Na ɗan jinkirta ne don in tambayi wani tsohon abokin aikina, ba nawa ba ce.

Ki fara duba takardar hayar. A bayanta akwai zanen gidan da aka zagaye da jan biro. In ba a ambaci saman silin ba, to a takarda na mai gini ne, ko da ƙofarsa a kan gadonki take.

Amma akwai hanya guda. Idan ɗan haya ya shekara goma sha biyu yana amfani da wuri kamar nasa, bai tambayi kowa ba, ba wanda ya ba shi izini, kotu tana iya haɗa wurin da hayarsa. Ku kun haura talatin. Abin da ke rushe wannan shi ne izini. Wanda aka ba izini baƙo ne, kuma magaji yana iya janyewa ranar da ya ga dama.

Abin da ke damuna shi ne na san Leonard. Mutumin da in ya yi karo da kujera sai ya ba ta haƙuri, da wuya a ce ya hau saman nan bai nemi izini ba. Don Allah, Yaya, in kin ci karo da wata takarda mai kama da haka, kada ki nuna wa kowa sai lauya ya gani. Ki kame hannunki na mako ɗaya, na san ba ki iya ba, amma ki gwada.

Moira tana gaishe ki.

Ƙaninki,
Clifford

*

Leeds, 14 ga Maris, 1996

Zuwa ga Misis Winifred Ackroyd,

Bayan gaisuwa, ina matuƙar godiya da takardun da kika aiko, da kuma shayin ran nan. Lauyana ya duba su. Sun tabbatar da cewa marigayi maigidanki ya san wurin na gwaggona ne, kuma a bisa izininta ya zauna a ciki tun 1965.

Da wannan wasiƙa nake janye izinin. Ina roƙon a kwashe kayan da ke sama kafin 30 ga Afrilu, domin magina za su fara aiki washegari. Abin da aka bari, su za su fitar.

Katunan suna da ban sha'awa ƙwarai, ga su na mayar miki.

Naki cikin girmamawa,
G. Pennock

*

Scarborough, 22 ga Maris

Clifford,

Ina gaisuwa, ko da yake ba ni da bakin yin ta. Wasiƙunmu sun yi saɓani a hanya. Taka ta iso bayan takardun da na aika sun riga sun shiga hannun Pennock. Ga kwafin amsarsa, ka sha kallo.

Na je wurin wata lauya a nan, Mis Oldroyd, yarinya ƙarama mai tabarau. Ta karanta katunan ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Hala maigidanki mutumin kirki ne?" Na ce kirkin ne ya kashe mu. Ta tambaye ni wa ya ce in aika. Na ce ba kowa, kaina ne ya ba ni. Sai ta cire tabarau tana gogewa.

Haushi nake ji, Clifford, na rasa na wa. Na Leonard da kwalaben jam ɗinsa, ko nawa da na miƙa musu hujja ɗaure da zare na biya kuɗin kan sarki. Kullum ina ganin magina a raina, da manyan takalmansu, suna taka masa gadoji suna dariya.

Akwai abin da ban taɓa faɗa maka ba. Ban taɓa hawa ba. Ko sau ɗaya. Yakan leƙo ta ramin ya ce, "Winnie, zo ki gani mana," in ce masa ba na hawan tsani don wasan yara, ya sauko abinci na hucewa. Da ya gaji sai ya daina kira.

Gobe zan hau. In na faɗo, kai ka sani.

Yayarka,
Winifred

*

Scarborough, 23 ga Maris

Ƙanena,

Na hau. Na kunna jirgin, ya tashi, ya zaga sau uku bai tsaya ba.

Tashar da ke tsakiya ta Malton ce, inda na jira shi ranar da ya dawo daga soja. A kan dandamali akwai wata 'yar tsana mace ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba, da koren kwat da jar jaka, ta riƙe ƙugu tana hararar agogo. Ni ce. Har hararar bai manta ba. Ya manne ta da gam, ba ta ciruwa.

Ka zo ranar Asabar da ƙaramin zartonka, ba zan bar wa magina ba. Na auna, dandamalin zai wuce ta ramin in aka karkata shi. Ka yanka duk inda ka ga dama, amma wajen nan ni zan riƙe zarton.

Allah ya kawo ka lafiya.

Winifred