Hannun Yaya Iro

Daren Talata, bayan isha'i

Yau na haɗu da Yaya Iro wurin mai shayi a Ƙofar Guga. Ban gane shi ba sai da ya kira ni da laƙabina na dambe, wanda rabon da in ji shi tun kafin in yi aure.

Shi ya fara ɗaura mini zare a hannu. A zamaninsa, da masu kalangu sun hango shi sai su sake kiɗa, tun bai shigo fili ba. Mu kuwa har rububin riƙe masa takalmi muke yi. Sai dai ya faɗa shan giya, a yawon wasa can kudu ya koyo ta. Yakan ce kurɓi ɗaya ne, don tsamin jiki. Sannu a hankali waɗanda ba su kai shi ba suka riƙa kai shi ƙasa, muna kallo, ba mai iya yi masa magana.

Yau da hannu biyu ya riƙe kofi, duk da haka shayin yana zuba. Ya ga ina kallo, sai ya ce, "Na bar giyar tun azumin bara, Sani. Hannun ne bai samu labari ba tukuna."

Muka yi dariya, amma idona ya cika. Na roƙe shi ya zo ranar Juma'a ya ga samarin da nake koya wa dambe. Sai ya ce, "To, sun san ni kuwa?"

Na ce sosai ma. Gobe sai in tara su in gaya musu ko wane ne Iro, kafin Juma'a ta zo.