Idon Baba da Hanyar Damagaram

Kankiya,
Litinin, 3 ga Nuwamba, 2025.

Zuwa ga Yaya Abdulmannan,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Ruƙayya da yara. Allah Ya sauƙaƙa maka karatun da ya kai ka Alƙahira, Ya maido mana da kai lafiya. Mu nan sai godiya. An gama yankan gero a garinmu Ƙofa, dawa ce ta rage, ita ma ba a kai gonar nesa ba bana saboda halin da ka sani. Maigidana Malam Sharafaddeen ya samu sauƙin ciwon bayan nan, har ya koma makaranta. Kada ka yi mamakin ganin rubutuna alhali ba ma rabuwa a waya. Maganar da ke bakina na kasa faɗinta da murya, sau biyu ina farawa ina fasawa. Shi ya sa na zauna na rubuta, in na gama zan ɗauki hotonta in turo maka.

Maganar tafiyar Baba Nijar ce ta sake tasowa. Ka san asalinta, amma wasu abubuwan sun faru bayan tafiyarka. Shekara arba'in Baffa Bubayero, makiyayin nan aminin Baba, yana zuwa zaurensa in an tashi karatun hantsi, ya ajiye ƙwaryar nono, ya hau ba shi labarin ƙasashen da ya yi kiwo yana saurayi: tafkin Madarumfa da kaburburan bayin Allah da ke kewaye da shi, duwatsun Damagaram da suka hau kan juna kamar da hannu aka jera su, kasuwar raƙuma, lambunan Mirya inda yayarsa Zuliha take aure. Baba kuwa, in ka cire Kano da Zariya inda ya yi karatu, bai san ko'ina ba. Kullum yana cewa gani ya kori ji, wata rana sai Bubayero ya kai shi ya nuna masa da yatsa. A 2023 har sun sa rana, aka yi juyin mulki, aka rufe iyaka. Da aka buɗe sai jinyar Inna ta taso, ba a tashi daga kanta ba sai da Allah Ya karɓi abarsa. Kana naka, Allah na nasa.

Rasuwar Baffa Bubayero ka ji ta a waya, amma ba a faɗa maka yadda ta zo ba. A farkon damina mutanen daji suka shigo rugarsu ta bayan Bauranya da la'asar, suka kore shanun gaba ɗaya, ko maraƙi ba su bari ba. Ba su taɓa jikinsa ba. Sun dai sa shi ya kwance turken da hannunsa. Daga ranar bai ƙara zuwa zaure ba. Baba ne ya koma binsa, ya tarar da shi zaune a bakin garken da babu komai, a kawo fura ya ce ya ƙoshi. Goggo Nagoggo, matarsa, ta ce ko tari bai yi ba, ramewa kawai ya dinga yi, cikin wata biyu ya cika. Baba ne ya yi masa wanka, shi ya sallace shi. Da muka dawo daga gaisuwa na yi zaton maganar Nijar ta bi shi kabari.

Sai kuma ga maganar ido. Wata uku da suka wuce ɗan'uwanmu Sada ya kai Baba asibitin ido, don ya lura yana tuntuɓe a dokin ƙofa. Likita ya ce ba yanar ido ba ce da ake cirewa, hawan jinin ido ne, kuma ya daɗe yana cin jijiyar a ɓoye. Na hagu ya riga ya tafi, na dama saura kaɗan, maganin ɗigawa zai iya jinkirta abin amma ba zai maido da wanda ya ɓace ba. Daga nan suka dawo Ƙofa. Suna shiga gida Baba ya ce wa Sada ya nemo takarda ya zana hanyar Nijar, yana so ya gani tun da sauran abin gani.

Ga yadda aka tsara. Kwana shida ne, Baba da Sada da ni. Ranar farko mu bi ta Katsina da Jibiya mu tsallaka, mu yi azahar a bakin tafkin Madarumfa, mu kwana Maraɗi gidan wani tsohon ɗalibin Baba mai sayar da atamfa. Rana ta biyu a zaga Maraɗi, a leƙa Tsibiri. Ta uku Tasawa, ta huɗu Damagaram, a ga tsohon birni da duwatsun. Ta biyar Mirya, Baba ya yi wa Goggo Zuliha ta'aziyya baki da baki, don shekararta ashirin rabonta da ƙanenta, a waya kawai ta ji mutuwarsa. Ta shida mu biyo ta Matamai da Kwangwalam mu faɗo Daura. Na yo mana katin rigakafi. Takardun shiga ne har yanzu kowa da abin da yake faɗa tun da Nijar ta fita daga ƙungiyar ƙasashen yankin nan namu, wani ya ce katin ɗan ƙasa ya isa, wani ya ce jandarma sai ya ga fasfo, don haka muka sabunta na kowa. An kuma ce mu riƙe man mota da ruwa fiye da yadda muke zato.

Sada bai so ba tun farko, kuma ban ga laifinsa ba. Ka san direba ne, shi ke kan hanya kullum, shi ya san inda ake tare mutane. Ya ce hanyar Jibiya yau lafiya gobe babu, dajin da ke kusa da Madarumfa kuwa shi ne dai wanda ya haɗe da namu, mutanen da ke ciki ba su san iyaka ba. Shawararsa a shiga ta Kwangwalam a fito ta nan, a ga Damagaram da Mirya, a haƙura da tafkin. Baba ya ce tafkin ne farkon abin da Bubayero ya ba shi labari, in babu shi a bar tafiyar. Kawu Kabir shi ma ya zo har gida ya yi faɗa, wai malami mai shekara saba'in da huɗu ya fita yawon buɗe ido a wannan zamani kamar wani Bature, me za a ce a gari in aka ɗauke shi. Baba ya bar shi ya gama, sannan ya ce zumunci a ƙafa yake, kuma Allah da kansa Ya ce a yi tafiya a bayan ƙasa a duba. Kawu ya tafi ba sallama. Haka muka yi mako uku, Sada na jan ƙafa, Baba na ƙirga kwanaki.

Yaya, yanzu na zo kan abin da ya sa na ɗauki biro. Ranar Alhamis da ta wuce na je Ƙofa da hantsi. Sada ya sake zana hanyar da babban alƙalami mai kauri don Baba ya iya gani, ya ba ni in kai masa. Na same shi a zaure shi kaɗai, na gaishe shi, na zaro takardar daga jaka na miƙa masa. Ya karɓa, ya kawo ta kusa da fuska, ya ɗora yatsa yana bi a hankali, yana cewa ga Maraɗi, ga Tasawa, lallai Sada ya iya zane. Sai da na matsa zan nuna masa Mirya na ga abin da ke hannunsa. Ba taswirar ba ce. Takardar jarrabawar Fiƙihu ce ta 'yan ajina, na haɗa su a jaka ɗaya ban lura ba.

Na zuba wa takardar ido. Abubuwa suka dinga dawo mini. Yadda ya daina kiran sunan mai shigowa sai ya yi magana. Yadda ya koma biya wa manyan ɗalibai karatu da ka, littafin na rufe a cinyarsa, muna cewa ƙarfin hadda ne. Yadda ya hana a gusar da buta daga inda take. Na yi ƙoƙarin danne kukan amma ya ji numfashina. Ya ajiye takardar, ya tambaye ni ba ita ba ce ko. Na ce ba ita ba ce, Baba. Ya ce to, Allah Ya tona. Tun watan Mauludi, in ji shi, babu abin da yake gani sai bambancin rana da inuwa, mutum in ya tsaya a gabansa kamar an rataya baƙin zane ne. Ya ɓoye ne don ya san ranar da Sada ya ji, ranar za a soke tafiya.

Na tambaye shi, cikin ladabi iyakar iyawata, to me za a je yi, a ɗauki kasadar hanya irin wannan a kan abin da ba zai gani ba. Ya juyo da fuskarsa wajena. Sannan ya ce: “Hafsatu, ɗiyata, shekara arba'in ina cewa gobe. Na bar mutumin nan ya mutu ban taka inda ya taka ba. In na zauna a zauren nan yanzu, ba zan sake fita ba sai a makara. Ki zauna kusa da ni a mota, abin da kika gani ki faɗa mini.” Ya roƙe ni kada in gaya wa kowa.

Kwana biyu ina juya abin a raina. Amana ce ya ba ni, amma Sada mai mata ne da 'ya'ya uku, ba zan iya barinsa ya sa wuyansa a hanyar Jibiya a kan zancen da ba haka yake ba. Ranar Asabar na koma na ce wa Baba ya yafe mini, zan faɗa wa Sada, kai ma zan faɗa maka. Bai yi fushi ba. Ya ce da ma ya san ni da halin Inna, ba na iya riƙe ƙarya ko ta alheri ce, in je in yi abin da na ga ya dace. Amma fuskarsa ta faɗi, Yaya, irin faɗuwar da na gani a fuskar Baffa Bubayero a bakin garke ranar da na raka Baba wurinsa. Abin da ya fi tsorata ni ke nan, fiye da hanya.

Na sami Sada a tasha yana jiran layi, na ja shi gefe na faɗa masa. Ya zauna a kan benci ya rufe fuska da hula. Ya ce shi ne mai kai shi masallaci kullum Juma'a, yana jin yadda yake damƙe masa kafaɗa, ya ɗauka tsufa ne. Na ce masa yanzu shawara tasa ce, in ya ce a fasa babu mai ganin laifinsa, ni zan je in faɗa wa Baba. Ya tashi ya koma wajen motarsa. Da yamma matarsa Ma'u ta kira ni ta ce Sada ya je Ƙofa, ya durƙusa gaban Baba ya ce ranar Asabar sha biyar ga wata za a tashi, kuma da tafkin za a fara. Sharaɗinsa biyu: ba za a yi tafiya ba sai rana ta fito sosai, kuma in mutanen Jibiya suka ce hanya ba kyau ranar, za a juya a bi ta Daura ba musu. Baba ya yarda.

To, abin da muke nema wurinka uku ne. Na farko motarka da ke rufe a gidan Sada, don tasa ta haya ba za ta kai Damagaram ta dawo ba, kuma sai da takardar izini mai sa hannunka za a bar ta ta tsallaka. Ka rubuto ka turo cikin makon nan. Na biyu, kai ne babba, ka kira Kawu Kabir ka lallashe shi, kada mu fita da fushinsa a bayanmu. Na uku shi ne mai wuya. In ka kira Baba, kada ya ji tausayi a muryarka. Ka tambaye shi hanya, ka tambaye shi wuraren da zai je, kamar yadda ka saba.

Malam Sharafaddeen ya ba ni izini, ko da yake ya yi kwana biyu ba ya cin abincin kirki. Makaranta ta ba ni hutun mako guda. Ɗiyata Ummu za ta zauna wurin Ma'u. Ban ɓoye maka ba, ina jin tsoro, kuma na san in wani abu ya faru za a ce mu ne muka ɗauki makaho muka kai shi daji. Shi ya sa nake so ya zama a rubuce a hannunka cewa babu wanda aka tilasta, kowa ya san abin da ke gabansa. In ƙaddara ta faɗa mana, Ummu tana hannunka, ka bar ta ta yi karatu iyakar inda kanta ya kai. Tun shekaranjiya na fara gwada aikin da aka ba ni, ina tafiya makaranta ina faɗa wa kaina abin da ke gefen hanya, sai na gane ban iya ba, na saba wucewa ban duba ba. Ka yi mini addu'a Allah Ya sa bakina ya ishe shi.

Ka gaishe mini da Anti Ruƙayya da kyau, ka ce mata turaren ya iso, Allah Ya saka da alheri. Ka shafa mini kan Al-Amin da Mubarak. Sada da Ma'u suna gaishe ku, Malam ma yana gaisuwa. Goggo Nagoggo ta ce a gaishe ka. Ta ba da sandar kiwon Baffa a kai wa yayarsa, don sandar ce kaɗai ta rage a cikin abin da ya mallaka. Baba bai san ranar da zan rubuto ba, amma na san da ya sani da ya ce Allah Ya yi maka albarka. Allah Ya jiƙan Inna da Baffa, Ya kai mu lafiya Ya dawo da mu, Ya sada fuskokinmu da alheri.

Wassalam. Ni ce ƙanwarka mai jiran amsarka kafin Asabar ta sama,

Hafsatu Ashafa Ƙofa.