Mijin Halima da Tseren Ƙanƙara

Uwani, don Allah ki ajiye abin da ke hannunki, a karanta miki wannan yanzu. Ni ce yayarki Hasiya, daga Kanada. Wata maƙwabciya 'yar Katsina ke rubuta min.

Ina gaishe ku. Ya yara, ya mutanen Nassarawa? Mu lafiya lau. 'Yata Halima ta gama wankan jego, jaririya har ta fara dariya. Ɗaki da ɗumi, tuwo ma ba a rasa ba.

Sai dai mijin nata. Duk Asabar sai ya tara abokansa a gandun dajin gwamnati, su hau dutse, su ɗaura dogayen katako a ƙafa, su sulalo kan ƙanƙara, wai tsere. Ba hukuma, ba likita, shi ne ma shugaba. Na kai musu kunun gyaɗa, Turawa suka shanye tas, na ji daɗi. Sai na ga kowa da wani ɗan abu a ƙirji. Na tambayi Halima ko laya ce. Ta ce a'a, in ƙanƙara ta binne mutum, da shi ake gano inda za a tono.

Uwani, suruki ne, bakina ba ya iya yi masa faɗa. A yi mana addu'a, a raba waina sadaka. Amma kafin kowa, a gaya wa mahaifinsa, Alhaji Shu'aibu.