Matakala Goma Sha Biyu da Dokin Ƙofa Ɗaya

Ƙofar Guga, Katsina.
Litinin, 10 ga Oktoba.

Mudassir,

Kada ka kuskura ka ninke takardar nan ka jefa aljihu da sunan sai ka samu lokaci. Kada kuma ka miƙa wa matarka Ramla ta karanta maka kana danne-dannen waya. Ka zauna ka karanta da idonka har ƙarshe, don abin da ke ciki sai na tambaye ka shi a gaban Allah.

Bayan haka, assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, kai da Ramla da yara. Ya jikin ƙaramar, zazzaɓin haƙoran ya sauka? Mu nan mun gode Allah.

Ka ga na rubuta sunanka na yanka. Shekara talatin da huɗu bakina bai taɓa kama shi ba, saboda kai ne ɗan fari, Ɗanliti nake ce maka. Yau na ajiye kunyar, tunda kai ka riga ni ajiye taka. Daga nan zuwa gidanka a Kambarawa ba tafiyar wasiƙa ba ce, amma sau tara na kira ka ba ka ɗauka ba.

Kai ka zo har ɗakina ka ce Honorabul ɗin da kake yi wa aiki zai yi muhawara da abokin takararshi kan asibitoci da gidaje da masu buƙata ta musamman, kuma an zaɓi ƙanenka Sammani ya yi tambaya a madadin guragun unguwa. Na yarda don kai ne. Mako guda yaron nan yana rufe teburin gyaran wayarshi da wuri yana zagaya 'yan uwanshi a kan keken hannu, yana tambayar abin da ke damunsu. Ya rubuta tambaya uku, ya kawo mani in gyara mashi rubutu. Ɗaya kan asibitin unguwa da ba a samun ko maganin zazzaɓi. Ɗaya kan kwatar da ke cika ta shigo gidaje duk damina. Ɗaya kan gidaje ashirin da aka ce an ware masu. Ranar taron da kanshi ya goge farar shaddarshi.

Sauran a wayar ƙanwarku Suwaiba na gani. Ɗakin taron matakala goma sha biyu gare shi, na ƙirga. Taro a kan guragu, an yi shi inda gurgu bai iya hawa! Aka bar mutum fiye da talatin ƙarƙashin bishiyar bedi da kekunansu, shi kuma matasanku huɗu suka sungume shi kamar buhun gero, hularshi na faɗuwa, suka dire shi gaban teburi.

Na saurari manyan naku. Wannan ya ce ya gina asibiti, wancan ya ce fenti kawai aka shafa. Wannan ya ce ɓarawo, wancan ya ce jikan ɓarawo. Babu wanda ya faɗi ranar da magani zai zo. Da Honorabul ya nuna Sammani ya ce ga shaidar ƙaunarshi ga naƙasassu, ɗayan ya yi dariya ya ce hayar shi aka yi, ƙila da ƙafarshi ya zo. Sai Honorabul ya ce a nuna masu.

Kuma kai ka tashi, Mudassir. Kai ka ɗage mashi riga, ka naɗe ƙafar wandon har gwiwa, ka kauce don masu ɗaukar hoto su gani da kyau. Ƙafafun da ni da na haife shi rabona da ganin su tun yana ɗan shekara goma. Aka yi tafi. Takardar tambayoyin tana hannunshi, ba wanda ya miƙa mashi abin magana har aka tashi.

Ban yi maka baki ba, kuma ba zan yi ba. Amma ka zo.

Ka gaida Ramla. Allah ya shirye ka.

Mahaifiyarka,
Furera.


Ƙofar Guga, Katsina.
Laraba, 26 ga Oktoba.

Mudassir,

Assalamu alaikum. Da fatan kun tashi lafiya, ya aiki, ya yaran? Ramla ta ce mani ƙaramar ta warke, alhamdu lillahi.

Na ce ka zo, ka aiko. Saƙonka ya iso: mabuɗi ɗaya, takardar mallakar gida da sunan Sammani, da sabuwar kujerar guragu wadda aka manna fuskar Honorabul a bayanta. Wato duk inda ya bi, ya zama allon talla. Tana zaure, kaji na kwana a kai.

Tunda ba ka tambaya ba, bari in gaya maka halin da ƙanenka ke ciki. Sau ɗaya ya fita tun ranar. Wani ya kawo waya a gyara mata lasifika, ya gyara, ya kunna don ya gwada, sai ga muryar Honorabul na cewa a nuna masu. Mai wayar bai ma ji kunya ba, cewa ya yi ai Sammani ya zama sananne. Ya rufe teburin ya dawo. Kwana goma sha biyar ke nan ko masallaci bai zuwa. Mutane na sallama da wayoyinsu, yana cewa a ce ba ya nan. Sana'ar nan ita ce ƙafarshi, Mudassir. Da ita yake ci, da ita yake shiga mutane, da ita ya fara maganar aure. In ya saba da zaman ɗaki, na rasa shi yana raye.

Kada ka ɗauka ɗaya ɓangaren sun fi ku. Shekaranjiya suka zo da buhun shinkafa da mai ɗaukar hoto, wai sun zo jaje. Shugabarsu, wata mai gwala-gwalai har gwiwar hannu, ta ce in da hali Sammani ya ɗan yi hawaye, ni kuma in riƙe shi. Na ce mata ta fita da shinkafarta kafin in manta da shekaruna. Ku duka tukunya ɗaya ta dafa ku.

Yanzu maganar gida. Jiya na roƙi maƙwabciyata Kande, wadda ta yi ritaya daga aikin jinya, ta raka ni muka je. Muka nuna lamba, mai gadi ya nuna mamu sama. Bene ne. Matakala goma sha takwas, ni kaina sai da na huta sau biyu. Kande ta ce, “Maman Suwaiba, halan fiffike za su haɗa mashi da shi?” Na kasa dariya. Mai gadin ya ce gidajen ƙasa duk an rabe su tun kafin a yi rufi.

Da na dawo na tarar da Ramla ta zo gaishe ni. Yarinyar nan ba ta iya ɓoye abu ba. Cikin hira ta ce labulen falon ma kun riga kun auna, tunda Sammani bai iya hawa, ku za ku riƙe mashi. Riƙo! Ashe ka san bene ne tun ranar da ka rubuta sunanshi. Ka nuna ƙafafunshi ga duniya, ka dawo ka hau su ka shiga gida.

Zan gaya maka abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, don ka san me ya sa maganganun mutanen nan ke tayar mani da zuciya. Shekarar da aka yi ta gardama kan ɗigon rigakafin shan inna, kowa na faɗin tashi a rediyo da majalisa, na ruɗe. Ni da na gama sakandare, na san abin da ke daidai. Amma da masu ɗigon suka yi sallama, na ɓoye Sammani bayan randa na ce babu yaro. Masu gardamar nan duk 'ya'yansu na tafiya da ƙafafunsu yau. Ni ce ke kwana da abin.

Mabuɗin yana wurina. Ba naka ba ne, ba kuma nawa ba.

Mahaifiyarka,
Furera.


Ƙofar Guga, Katsina.
Asabar, 5 ga Nuwamba.

Ɗanliti,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gajiya, ya iyali, ya sanyin safiya da ya fara? Ka ce wa Ramla na gode da man zafin, gwiwar ta yi sauƙi.

An ce mani ranar Lahadi ka zo har bakin lungu ka tsaya, ka juya. Ban ji daɗi ba, amma ko ba komai alama ce da sauran kunya a jikinka.

Ran Talata bayan la'asar na shiga wurin Sammani da mabuɗin. Na zauna ina zagin masu ginin da bai da hanyar gurgu, na zagi naku, na zagi nasu, na ce duk wanda ya yi matakala goma sha biyun nan sai ya yi bayani ranar hisabi. Ya bar ni har na gaji. Sannan ya ce, “Umma, waccan sau ɗaya na gamu da ita. Dokin ƙofar zaurenmu fa?”

Ka san shi, marigayi babanku ya ɗaga shi har kusan gwiwa don ruwan kwata ya daina shigowa. Shekara goma sha bakwai Sammani na sauka daga keke a waje, ya rarrafa ya tsallake, ya jira wani ya ɗago mashi keken. Safe da rana da yamma. Ni nake wanke rigunan, ina faɗan ya cika ɓata gwiwar wando. Ban taɓa gani ba. Ina nan ina ƙirga matakalar wasu.

Washegari na kira Mati magini. Ya ce in aka fasa, damina za ta same mu a tsakar ɗaki. Sammani ne ya zana mashi yadda za a yi: a bar tsayin, a zuba gangare mai faɗi ta waje da ta ciki. Ya zauna a bakin zaure yana ba da umarni, har yana ce wa Mati hannunshi ya karkace kamar alkawarin ɗan takara. Ranar na fara jin dariyarshi. Jiya siminti ya bushe. Yau da hantsi ya murza kekenshi tun daga ƙofar ɗaki har titi, ba wanda ya taɓa shi. Na laɓe a zaure ina kallo har ya sha kwana. Suwaiba ta ce ya buɗe teburi, mutum uku na jira.

Maganar gida ya yanke da kanshi. Ya rubuta wa ofishin gidajen cewa ko a sauya mashi da na ƙasa, ko su karɓi mabuɗinsu, kuma ya sa sunayen mutum talatin ɗin nan da aka bari ƙarƙashin bedi. Kande za ta raka shi ran Litinin. Ku nemi tagar da za ku rataya labulenku.

To ga dokar gidan nan daga yau, na faɗa wa Suwaiba, na faɗa wa Ramla, kai ne na ƙarshe. Ba hoton ɗan takara a bangona, ba shinkafarshi a tukunyata, ba mai ɗaukar hoto a zaurena, ko na wace jam'iyya ne. Ba mai ɗaukar Sammani, ba mai magana da bakinshi, ba mai rubuta sunanshi a takarda, sai in shi ya ce a yi. Har da ni.

Kai kuma ƙofa a buɗe take, yanzu ma ta fi sauƙin shiga. Amma ba za ka wuce zuwa ɗakina ba sai ka fara zuwa nashi. Ka cire hular jam'iyya, ka zauna ƙasa inda idonka zai yi daidai da nashi, ya karanta maka tambayoyin nan uku da kuka hana shi, ka saurara har ƙarshe ba ka katse shi ba. In ya ce ya yafe, ka zo ka ci tuwo. In bai ce ba, ka koma ka dawo gobe.

Mahaifiyarka,
Furera.