Ƙafar Baba da Ɓerayen Yaya

Bagudo, 3 ga Maris, 2004

Yaya Sharfuddeen,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lahiya. Ya karatu, ya baƙunta? Inna na gaishe ka.

Yaya, ƙafar Baba ta ɓaci. Ciwon sugan ya kai ga yatsunsa biyu sun yi baƙi, ɗakin ma ba ya shiguwa don wari. Likita a Birnin Kebbi ya ce hanyoyin jini sun toshe, sai an yanke ƙasa da gwiwa. Baba ya ƙi. Ya riƙe maganar da ka yi mishi da Sallah, wai ɓerayen da kake gwaji da su sun warke. Kullum sai ya tura ni tasha ko saƙonka ya iso. Har ƙasar Benin muka tsallaka da shi wurin mai magani, ba sauƙi.

Don Allah, don Annabi, ko ɗigo ne na maganin ka aiko.

Ƙanwarka,
Munawwara

Turai, 19 ga Maris

Baba,

Ina gaishe ka da jiki, Allah ya sa kaffara ne.

Baba, ba ni da magani. Abin da muka gani shi ne, kitsen jiki na sakin wani sinadari cikin jini. In ƙiba ta yi yawa sai sinadarin ya ragu, insulin mai rage suga a jini ya daina kama suga, hanyoyin jini su fara cushewa. Ɓerayen da muka ƙara wa sinadarin ne suka samu sauƙi. Ban taɓa ba mutum ba, kuma ko a ɓera ba ya raya naman da ya mutu.

Na roƙe ka da girman Allah ka bari a yanke. Gara in tarar da kai da sanda da a nuna mini kabarinka.

Ɗanka,
Sharfuddeen

Birnin Kebbi, 8 ga Afrilu

Yaya,

Da fatan kana lahiya. Na karanta mishi wasiƙarka. Ya juya fuska bango har la'asar, sannan ya ce a nemo mota.

An yanke ranar Alhamis. Ya farfaɗo, har ya sha kunu. Amma jiya likita ya taɓa ɗayar ƙafar, ya daɗe yana neman bugun jini bai samu ba, ya mayar da zanen bai kalle ni ba. Ban gaya wa Inna ba, kuma ba zan iya ni kaɗai ba.

Yaya, ka taho gida.

Taka,
Munawwara