Tabon Kifi a Kunci

Lahadi, 6 ga Afrilu
Likita ta hana ni shiga ƙananan motocin haya, wai girgiza. Ciki biyu sun zube, wannan na uku, don haka tiram, ɗan jirgin ƙasan cikin gari, nake hawa kullum daga unguwar Bakus zuwa tashar Raml. Tafiyar hawainiya. Mijina Midhat kaɗai ya sani, shi ma na hana shi zancen. Ba zaɓen suna, ba saƙa hula. Na daina wannan wautar.

Talata, 8 ga Afrilu
Taragon mata, wai don mutunci. Warin hammata, turare mai hawa kai, ɓawon gyaɗa ko'ina a ƙasa. Wata ta zauna tana yanke farce a gabana, ɗaya ya faɗo kan takalmina. Ko kallona ba ta yi ba.

Alhamis, 10 ga Afrilu
Na sauka a Sidi Gabir na yi amai.

Litinin, 14 ga Afrilu
Bikin bazara na Shammun Nasim ya matso, masu sayar da fasikh sun fito. Ruɓaɓɓen kifi ne dai, ko gishirin duniya aka zuba masa. Wata ƙatuwar mata, Umm Ragab suke ce mata, ta dire bokitin kifinta tsakanin ƙafafuna. Na toshe hanci da mayafi ina hararar bokitin. Ta dube ni sama da ƙasa: "Wata nawa, 'yata?" Na ce ƙiba ce. "Ƙiba a ciki kaɗai? Tara na haifa, ni za ki yi wa wayo?"

Laraba, 16 ga Afrilu
Ita ce kuma. Ta tayar da wata budurwa ta zaunar da ni, sannan ta yago kifin ta ɗora kan gutsuren burodi. "Tun shekaranjiya idonki na kansa. Lasa." Na ce kallon ƙyama ne, Hajiya. "Ƙyama, kwaɗayi, jariri ina ya san bambanci? Ki hana shi, ya fito da tabon kifi a kunci, kar ki ce ban faɗa ba." Duk taragon ya goya mata baya, har da wadda ta rantse ƙanwarta da tabon inabi a wuya aka haife ta. Jahilci zalla. Likita ma ta hana fasikh. Na karɓa don su ƙyale ni, na jefa a shara a Raml. Na wanke hannu har ya yi ja, warin na nan.

Alhamis, 17 ga Afrilu
"Kunci" Umm Ragab ta ce. Likita "cikin" take cewa, Midhat "jikin naki". Ba wanda ya taɓa cewa yana da kunci.

Lahadi, 20 ga Afrilu
Na bar tiram biyu sun wuce. Cunkoso ne, ba wai ita nake nema ba. Tana cikin na uku. Na dangwali ruwan gishirin bokitinta da yatsa na taɓa a harshe, ban haɗiye ba. Tir, ɗanɗanon ya fi warin muni. Ta ce, "Shi ke nan, fuskarsa tas."

Har Raml ina danne amai, ina tunanin ko hancin Midhat zai ɗauko.