Ranar da Fa'izu Ya Hau Soro

Birnin Kudu

Yaya Ummulkhairi,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da yara da su Inna a Basirka. Ya damina?

Yaya, ɗakin da muke haya yana neman faɗo mana. Azara ta ruɓe, indararo ya karye, ruwa na bin bango kamar hawaye. Littattafaina na soyayya duk sun jiƙe, sai shanya su nake a rana. Maigidana Fa'izu ya je wajen Alhaji Buba mai gidan, wanda katanga ce kawai ta raba mu da iyalinsa, ya tuna masa cewa a gaban mai unguwa aka yi yarjejeniya gyara nasa ne. Alhaji ya ce a bari sai kaka. Ni kuwa da nake mafarkin gida mai furanni! Keken ɗinkin Fa'izu ma da leda muke lulluɓe shi.

Ƙanwarki,
Khuzaima

Yaya Ummulkhairi,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, daga asibiti nake rubuto miki.

Jiya da la'asar hadari ya haɗo, wani ɓangaren rufin ya rufto dab da inda nake salla. Fa'izu ya ɗauki tsani da leda ya hau soro. Don gaggawa bai aika maƙwabta cewa namiji zai hau sama ba, mata su kimtsa. Matar Iliyasu, babban ɗan Alhaji, tana tsakar gidansu ba mayafi, ta kurma ihu.

Iliyasu da ƙannensa suka faɗo mana ba sallama, da gora da taɓarya. Fa'izu yana cikin saukowa suka fizge tsanin. Na ji ƙarar faɗuwarsa har cikin haƙorana. Suka rufe shi da duka, Iliyasu ya take masa hannun dama yana kiransa ɗan leƙen matan mutane. Jini ya gauraya da ruwan sama ya bi kwata. Na rarumi muciya na fasa wa ɗaya goshi, aka watsar da ni jikin randa. A littafi jarumi yakan tashi ya rama, Yaya. Nawa yana kwance yana kiran sunana, har maƙwabta suka shigo suka raba.

Kada ki gaya wa Inna tukuna.

Taki,
Khuzaima

Yaya Ummulkhairi,

Ina gaishe ki, ina gaida kowa. Na gode da zumar da kika aiko.

Iliyasu yana hannun 'yan sanda. Mai unguwa ya ce Fa'izu ya yi kuskure da bai sanar ba, amma da Alhaji ya sauke hakkinsa da ba wanda zai hau. An sa shi gyara da ɗaukar nauyin magani. Magina sun zo, sun sa azara sabuwa, sun yi yaɓe mai kyau. Mata suna ta yi mini barka wai mun yi nasara.

Likita ya ce yatsun ba za su ƙara riƙe almakashi ba. Ɗakin ba ya yoyo yanzu ko ɗigo. A cikinsa nake zama in ba mijina tuwo a baki, shi kuma yana juyar da fuska kada in ga idonsa.

Ki gaya wa Inna yanzu.

Ƙanwarki,
Khuzaima